Haƙori Ɗaya

A ɗakin da dā muke jibge buhunan gyaɗa,
nan Yalwa, cikin Garwa,
na kafa injina.
Ƙarami ne. Yara biyu suka sauke shi daga mota,
ɗayan ma bai ajiye rakensa ba.
Shekara talatin da ɗaya na yi a kamfanin auduga
ina fere ƙarfe da injinan da, in an kunna su,
sai ka ji a tafin ƙafarka.
Yanzu ga ni da ɗan wannan,
ni da shi muna koyon halin juna.

Ran Laraba na leƙa shagon Hamajoda.
Ya buɗe wani jan akwati a hankali,
ya fito da kan yanka mai haƙora shida,
kowanne da ɗan kusarsa, suna walƙiya.
"Jiya ya iso daga Duwala, Baba Tanimu.
Sefa dubu sittin da biyar.
Sau ɗaya zai bi ta kan ƙarfe, ka ga fuskarka."
Na auna shi a hannu. Nauyi.
Raina ya biya, ba zan yi ƙarya ba.
Na ce a ba ni aron kwana ɗaya.

Da la'asar na ɗaura shi.
Haƙori shida, kowa na neman rabonsa,
mai ciyarwar kuwa ƙarfinsa bai kai na injin markaɗe ba.
Bel ya yi kuka. Ginshiƙi ya kama makyarkyata.
Kofin shayina ya tashi da kansa
ya taka har bakin tebur.
Da na kashe, na shafa ƙarfen:
gargada, kamar hanyar Pitowa bayan damina.
Haƙori guda kuma ya ɓantare.
Dubu uku na biya Hamajoda kuɗin wannan karatu,
ya karɓa yana kallon rufi, kada dariya ta kuɓuce masa.

Sai na koma cikin gwangwanin tarkace.
Guntun ƙarfe zagayayye, na huda shi a karkace,
na sa tsohon bakin yanka tun na kamfani,
na wasa shi a dutse, na ɗan kashe masa tsini
yadda Usta Bakari ya nuna mini
tun ina ɗauko masa ruwa.
Haƙori ɗaya tak, yana kewayawa cikin iska,
ya taɓa, ya wuce, ya dawo ya taɓa.

Amma shi ba ya rufa wa kowa asiri.
In kan injin ya karkata ko da silin gashi ne
zai haƙa maka kasko, kana zaton faranti kake yi.
Na kwana biyu da agogon awo,
hagu, dama, hagu,
har sai da na yanko bakin gwangwanin kifi
na cusa ƙarƙashin ginshiƙi
kafin allurar ta daina musu da ni.

Na rage gudu. Na ɗiga kananzir a kan alminiyam.
Abin da nake ɗebewa bai fi ɓawon albasa ba.
Fat. Fat. Fat.
Ɓarɓashi mai zafi na sauka a damtsena.
Ana tsaka da haka aka ɗauke wuta,
na zauna cikin zufa ina jira har bayan isha'i.

Dudu ta leƙo ta ce, "Wai me za a yi da shi?"
Na ce, "Ba komai. So nake ya kwanta."
Ta ce tuwo dai ya huce.

Da safe jikata Astajam ta ɗauke shi da hannu biyu,
ta ga idonta a ciki, siraran bakan-gizo sun ratsa shi,
ta gyara ɗankwali.
Sannan ta dube ni, ta dubi abin da ke rataye a injin.
"Kaka, shi ma saura ɗaya gare shi?"

Na ce ta ajiye mini kayana,
ta bar mini shatin yatsa a kai.